KAZAR TALAKA MA DUKIYA CE

Jama'a, da wuya mutum ya shiga gida cikin birnin Kano, tun daga Ƙofar Mazugal har Ƙofar Na'isa, bai tarad da akurki a bayan ɗaki ba, ko ɗakin tattabaru bisa soro, ko 'yan agwagi suna wanka a bakin rariya. Mai kuɗi in ya duba sai ya ga tarkace. Amma a wurin matar aure da ke cikin gida, waɗannan kaji biyar ko goma su ne bankinta. Da su ta ke zubin adashi, da su ta ke sayen magani in zazzaɓi ya kama yaro da dare, da su a ke fita kunyar baƙo, kuma da kuɗinsu a ke tara kwanukan 'yar da za a aurar. Saboda haka in an ce murar tsuntsaye ta shigo gari, hankalin da ke tashi a manyan gonakin hanyar Zariya da hanyar Gwarzo shi ke tashi a lungunan Mandawari da Jakara. Ba mu kuwa ga laifin wanda hankalinsa ya tashi ba, gama wannan cuta ta san hanyar Kano sarai. Ta zo a farkon 2006, ta zo ƙarshen 2014, ta zo a farkon 2021, ta kuma zo ƙarshen 2024. Duk zuwan nan huɗu da iskar hunturu ta yi sallama.

Bari mu fara da zuwanta na 2024, tun da ya ke shi ya fi kusa da mu, kuma a ƙofar gidanmu ya faru. Cikin watan Disamba na shekaran nan wani saurayi a Ƙaramar Hukumar Gwale ya tafi kasuwar Janguza ta ƙasar Tofa, ya sayo agwagwa guda, ya kawo ya sake ta cikin kajinsa da zabinsa. Ba a daɗe ba sai tsuntsayen suka shiga sarƙewar numfashi suna faɗuwa. Cikin 50 da ya ke da su, 35 suka mutu. Saurayin bai ɓoye ba, ya ɗauka ya kai asibitin dabbobi na Gwale, aka auna, a makon farko na Janairu 2025 aka tabbatar murar tsuntsaye ce. Ma'aikata suka zo suka killace wurin, suka kashe sauran da suka rage, suka yi feshi a gidan, suka je Janguza suka yi feshi a sashen 'yan kaji. Kwamishinan Lafiya na lokacin, Dakta Abubakar Labaran Yusuf, ya fito ya ce kada jama'a su firgita.

To, madalla. Ba mu daga cikin masu ƙin yabon aiki don kawai wanda ya yi shi ba namu ba ne. Likitocin dabbobi sun yi abin da ya kamace su. Amma wa ya fi kowa aiki a cikin labarin nan? Saurayin nan ne. Da ya ga dama, ran da ya ga uku sun mutu da ya kwashe sauran cikin kwando ya kai Kasuwar Rimi ko Sabon Gari ko Tarauni, ya karyar da su, ya sa kuɗinsa aljihu, ba mai tambayarsa. Da kuwa ya yi haka, kajin nan da sun watsu gida ashirin cikin yini guda, kowane gida kuma da nasa akurkin. Sai ya zaɓi ya kai kansa wurin hukuma, alhali ya san ƙarshen abin a kashe masa 15 ɗin da suka tsira. Watau ya yi asarar dukiyarsa don ya tsare ta maƙwabta, da ta masu manyan gonaki waɗanda ba su ma san sunansa ba. An fita an gaya wa duniya yawan feshin da aka yi. Mu abin da mu ke so a riƙa gaya wa duniya a irin wannan rana shi ne nawa aka biya mai kaji, kuma ran nawa ga wata kuɗin ya shiga hannunsa.

Kada wani ya ce mun bar jaki muna dukan taiki, ana maganar cuta muna maganar kuɗi. A wannan cuta maganar kuɗi ita ce maganar magani. Murar tsuntsaye ba ta da maganin da za a jiƙa a ba kaza ta warke. Hanyar da Nijeriya ta ɗauka tun 2006 ita ce a gano garken da ya kamu da wuri, a kashe shi duka, a binne, a wanke wurin, a hana fita da kome daga ciki. Ganowa da wuri kuwa ba a hannun likita ta ke ba, tana hannun mai kaji, don shi ke buɗe akurki da asuba. Doka ta wajabta masa ya kai rahoto, tun ta 1988 har wadda ta maye gurbinta a 2022. Amma doka ba ta shiga akurki. Mutumin da ya ci bashin dusa da masara, ya wayi gari ya ga kaji sun yi jugum, zanko da leɓe sun kumbura sun yi baƙi-baƙi, ƙafafu sun yi jaja-jaja, lissafi ɗaya zai yi a zuciyarsa: in na kira hukuma me zan samu, in na kira dillali me zan samu? Duk ran da dillali ya fi hukuma biya, ko ya fi ta saurin biya, ran nan cuta ta sami mota kyauta zuwa kasuwa.

Wannan ba zato mu ke yi ba, an riga an gwada a ƙasan nan, an ga sakamako. A watan Janairu 2006 kaji suka fara mutuwa a gonar Sambawa da ke Jaji cikin Jihar Kaduna. Kimanin 40,000 suka mutu. Aka kai samfuri Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom, aka tura Padova ta ƙasar Italiya, sai ran 8 ga Fabrairu aka sanar cewa H5N1 ce, karo na farko ke nan da aka tabbatar da ita a nahiyar Afirka. Kusan wata guda ke nan tsakanin mutuwar farko da sanarwa, a babbar gona ma ke nan, balle a bayan ɗakin wata baiwar Allah a Gwammaja. Cikin 'yan kwanaki aka ji ta a Kano da Filato, kafin watan ya ƙare ta haye iyaka an same ta cikin agwagi a Magarya ta ƙasar Nijar. Gwamnatin Obasanjo, ta bakin Ministan Gona Malam Adamu Bello, ta yi alkawarin diyya. Nawa? Naira 250 kowace kaza, agwagwa 1,000, talotalo 2,500, jimina 20,000. Mai jimina dai bai yi kuka ba, amma talaka nawa ke kiwon jimina? Naira 250 kuwa ba ta kai rabin kuɗin kaza mai ƙwai ba a lokacin. Sa'an nan wadda ma'aikata suka kashe da hannunsu ita a ke lissafawa, wadda ta riga ta mutu kafin su iso ba ta cikin lissafi. Watau in ma'aikata sun yi jinkiri, mai kaji ke biyan tarar jinkirinsu. Me a ke tsammani? Mutane suka yi ta kwashe kaji da dare suna zubarwa a kasuwa da arha, masu saye kuma suka tsorata suka bar cin kaza da ƙwai, ciniki ya faɗi warwas, mai lafiyayyun kaji ma ya shiga uku.

Sai da Bankin Duniya ya ba da rancen Dala miliyan 50 a watan Maris 2006, daga baya aka gyara farashin diyya ya matso kusa da na kasuwa, aka kuma riƙa biya, sa'an nan abin ya fara lafawa. Kafin nan cutar ta taɓa jihohi 25 da Abuja, an yi asarar tsuntsaye fiye da 1,200,000, an biya diyyar sama da Naira miliyan 600 ga mutum 3,000 da 'yan kai. Ɓullarta ta ƙarshe a wancan zagaye a watan Yuli 2008 ne, a Kano da Katsina, daga nan aka yi shekara shida ba a ji ɗuriyarta ba. Ba mu ce diyya kaɗai ta yi wannan aiki ba, akwai motoci da kayan awo da ma'aikatan da aka horar. Amma duk waɗannan suna aiki ne in mai kaji ya buɗe baki.

Da rance ya ƙare sai aka naɗe tabarma, kowa ya kama gabansa. Ba wanda ya ce a ajiye wani abu don gobe. Ƙarshen Disamba 2014 sai ga ta ta dawo, a Dala kuwa, nan cikin gari, da wata kasuwar kaji a Legas. Cikin Janairu 2015 Ministan Gona Dakta Akinwumi Adesina ya ce tsuntsaye 140,390 cutar ta kai gare su a jihohi bakwai, 103,445 daga ciki a Kano su ke, a Gwale da Kumbotso da Tofa da Gaya da Ungoggo. Aka ce za a biya Naira 1,450 kowane tsuntsu, aka ware Naira miliyan 145 don gonaki 39 a jihohi 11. Ɗan makarantar firamare ma ya iya wannan lissafi. Ku raba miliyan 145 da 1,450, za ku sami tsuntsu 100,000 ne kacal, bai kai na Kano kaɗai ba. Ku kuma raba 100,000 ɗin da gonaki 39, kowace gona ta tashi da fiye da 2,500. Kun ga ke nan da wa aka yi lissafin. Ba da mai kaji goma ba.

Aka yi zaɓe a shekaran nan, gwamnati ta sauka wata ta hau, cutar kuwa ba ta san an yi canji ba. Ya zuwa 2017 Ma'aikatar Gona ta Tarayya da bakinta ta ce asarar ta haura tsuntsu miliyan 3 da rabi a jihohi 26 da Abuja. Ƙungiyar masu kiwon kaji ta yi ta kai kuka a kan mutanenta da aka kashe wa kaji suka shekara suna jiran diyya. Waɗanda suka yi alkawari da waɗanda suka gāji alkawarin, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Labarin irin wannan jira kuwa ya fi cutar saurin yaɗuwa. In aka hana mutum ɗaya haƙƙinsa a Kumbotso, an koya wa mutum ɗari a Ungoggo su yi shiru.

Har yanzu kuma maganar kaji mu ke yi, ba mu taɓo ta rayuka ba. Wannan ƙwayar cuta a jikin dinya aka fara ganinta a lardin Guangdong na ƙasar Sin a 1996. A 1997 ta kama mutum 18 a Hong Kong, 6 suka rasu, sai da hukumar can ta kashe duk kajin birnin. Daga 2003 zuwa 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum fiye da 900 da suka kamu, kusan rabinsu sun rasu. A nan Nijeriya wata yarinya 'yar shekara 22 ta rasu a Legas cikin Janairu 2007, bayan an fige kaza mai cutar a gidansu. A Amurka, cikin Maris 2024, an same ta a jikin shanun madara a Jihar Texas, abin da ba a taɓa gani ba, kuma a Janairu 2025 ta kashe mutum a Louisiana. Alhamdu lillahi ba ta saba tsallakawa daga mutum zuwa mutum ba. Amma masana na tsoron ranar da za ta koya, kuma kowane kamu da ta yi wa ɗan Adam wata dama ce ta koyo.

Wa ta fi kusa da shi a birnin nan? Ba mai cin gasasshiyar kaza a otal ba ne, gama in nama ya dahu sosai, zafi ya kai digiri 70 har ciki, ƙwayar ta mutu. Wanda ke cikin haɗari shi ne mai taɓa ɗanya. Mu Musulmi ne, ba mu cin mushe, saboda haka al'adarmu in an ga kaza tana layi sai a ce maza a kawo wuƙa kafin ta mutu. Yaro ya riƙe ƙafa da fiffike, maigida ya yanka, uwargida ta zauna a tsakar gida ta fige, ta fasa ciki ta cire ƙundu da hanji da hannunta, goyo na bayanta, ruwan wankin kuma ya bi rariya inda agwagin maƙwabta ke kiwo. Da yawa ma ba za su kawo murar tsuntsaye a ransu ba, za su ce ai fakat ce da aka saba da ita kowane hunturu, don kuwa da ido ba a rarrabe su. Ku je kuma ku ga yaran da ke figa a kasuwannin kaji tun safe har magariba, hannu ba safa, hanci ba abin rufewa, jini da gashi har idon sawu. Matan nan da yaran nan su ne a bakin daga, su ne kuma sunansu ba ya shiga takardar diyya.

Mun san amsar da za a ba mu, don mun sha jin ta. Za a ce ba kuɗi. Diyyar shekara uku cur, daga 2006 zuwa 2008, a ƙasa duka, Naira miliyan 600 da 'yan kai ce. Ko an ninka ta don faɗuwar Naira, a ajiye ta kusa da abin da a ke kashewa wajen sayen motocin manya a kowane sabon zango, a gani wanne ya fi nauyi. Za a ce kuma diyya aikin Abuja ce. Ga shi tun 2024 an yi wa kiwo ma'aikata tasa ta kansa a Tarayya, to, ta nuna amfaninta. Amma ba dokar da ta hana Gwamnatin Jiha ta biya mutanenta nan take, ta bi Abuja bashi daga baya. Gobara in ta tashi a Kurmi ba a jiran motar kwana-kwana daga Abuja.

Za a ce kuma ba a iya ƙidaya kajin cikin gida, mutane za su yi ƙarya su karɓi kuɗin banza. Haba! A ƙasan nan ne fa aka yi zamanin jangali, lokacin da malaman haraji su kan bi Bafilatani har ƙuryar daji su ƙidaya masa shanu ɗaya bayan ɗaya, ba a taɓa cewa daji ya yi nisa ba. A birnin nan ne mai unguwa ya san kowane baligi da ke kowane zaure don haraji, har ran da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979. Masu unguwannin nan suna nan, dagatai suna nan, hakimai suna nan. Ashe ƙidaya tana da sauƙi in za a karɓa daga hannun talaka, sai in za a ba shi ne ta ke zama aiki? Mai unguwa da malamin dabbobi da shaidu biyu daga maƙwabta sun isa su tsaya a ƙirga a gaban mai kaji, a rubuta, a ba shi kwafinsa a hannu. In wani ya yi ƙarya kotu tana nan.

Ba kuma yau aka fara yaƙi da annobar dabbobi a nan ba. Don ciwon bushiya aka kafa Vom a 1924, kuma a Kano aka yi taron 1961 wanda ya shirya gangamin yi wa shanu allura a Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru, aka soma a 1962. Da aka yi sakaci bayan an ga sauƙi, bushiya ta dawo a farkon shekarun 1980 ta yi wa makiyaya ɓarnar da tsofaffinsu ba su manta ba. Sai a 2011 aka sanar da gushewarta daga duniya. Ita murar tsuntsaye ta fi wuyar sha'ani, don tsuntsayen daji masu ƙaura na ɗauke da ita, suna kuwa sauka kowane hunturu a fadamun Haɗejiya da Nguru, kusa da mu. Ba gwamnatin da za ta hana su sauka. Abin da ke hannun gwamnati shi ne abin da zai faru daga ran da kazar farko ta faɗi.

Ku kuma 'yan'uwa masu kiwo, ba za mu yi muku daɗin baki don kuri'a ba. Sayar da dabba mai aibi a ɓoye aibin algus ne, malamanmu sun faɗa tun kafin a san sunan wannan cuta, kuma sakacin hukuma ba ya halatta shi. In kun sayo sabon tsuntsu, musamman agwagwa, wadda ta kan ɗauki cutar tana yawonta garau, ku ware shi mako biyu kafin ku haɗa da naku. In kun ga mutuwa ta yi yawa farat ɗaya, kada a yanka, kada a jefa a kududdufi ko bisa juji, kada a sayar da kashin kajin ga 'yan lambu, kada a bar yara su taɓa. A sanar da mai unguwa, a je asibitin dabbobi. Wanda kuma ya taɓa irin kajin nan ya ji zazzaɓi da tari, ya tafi asibiti ya faɗi abin da ya taɓa.

Amma ba za mu yarda a ɗora wa talaka wa'azi a bar gwamnati da sanarwar rediyo ba. Muna neman Gwamnatin Jihar Kano ta kafa asusu na dindindin don diyyar annobar kaji, a rubuta shi cikin kasafin kuɗi kowace shekara, ko cuta ta zo ko ba ta zo ba, gama ba a fafe gora ranar tafiya. A biya bisa farashin kasuwa na makon da abin ya faru, a ƙirga daga ran da mai kaji ya kai rahoto, har da waɗanda suka mutu ana jiran ma'aikata. A yanke wa'adi, kada ya wuce wata guda. Kada a ce sai mai rajista ko mai takardar kamfani, matar da ke da kaji biyar a Yakasai ta shiga layi ɗaya da mai dubu hamsin, kuma a kai mata kuɗinta gida ta hannun da ta yarda da shi, tun da ba za ta je sakatariya ta yi zaman jira ba. 'Yan kajin kasuwa ma, in za a rufe musu rumfa don feshi, a dubi cinikin da suka rasa, in ba haka ba za su koma sayarwa a lungu inda ba mai ganinsu. Sa'an nan a lika sunayen waɗanda aka biya da adadin kuɗin a ƙofar sakatariyar Gwale da Dala da Birni, don kada diyyar ma ta zama abincin 'yan barandan siyasa.

Mun umurci shugabannin jam'iyyarmu na mazaɓu su riƙa rubuta sunan duk wanda aka kashe wa kaji a unguwarsu, da yawan kajin, da ranar, su aiko mana ofis. Ran da kasafin kuɗi na gaba ya iso Majalisar Dokoki, shafin kiwo za mu fara buɗewa, mu nemi layin diyya, mu buga muku abin da muka tarar a wurin.